Yadda ake gano maƙerin tsohon kaskon baƙin ƙarfe da ƙasar da aka zuba shi

Wata tanda ce ta jawo ni cikin wannan harka. Na gan ta a rumfar wani mai kayan gwanjo, ƙarƙashin tarin tukwane da murafe da aka sauke daga kwantena: baƙa wuluk, gurbi bakwai, shida a kewaye ɗaya a tsakiya, da ɗan gajeren mariƙi. Na ce, "Malam, nawa tandar masar nan?" Ya ce, "Alhaji, ɗaga ka ji tukuna. Wannan ba zubin gida ba ne." Na ɗaga, na ji har kafaɗa. Da na kife ta sai ga lambobi uku a gindinta, 962, daskararren maiƙo ya kusa binne su. Sai da na yi makonni ina bin diddigi kafin na gane kaskon wani abinci ne na mutanen Denmak mai kama da masarmu, kuma kamfanin Griswold na garin Erie a jihar Pennsylvania ta Amurka ne ya zuba shi, yana sayar da shi a matsayin lamba 32.

Tun daga nan na daina fara neman suna idan na ɗauki kasko. Da yawa daga cikin kayan gashin nan, na kek da na burodin masara da na ƙananan waina, ba su da suna ko kaɗan, wasu kuma sunan da ke jikinsu na aro ne. Ni dai ba na yanke hukunci sai shaidu uku sun yi baki ɗaya: yadda aka zuba ƙarfen, lambar da ke jiki, sannan rubutu. Ga yadda nake bi.

Mataki na 1: tabbatar baƙin ƙarfe ne

Ka riƙa yawo da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. Idan ya manne, ƙarfe ne. Idan ya zame, alminiyam ne irin na tukwanen biki da masu zubi ke yi mana, ko da hayaƙi ya mai da shi baƙi. Daga nan rataya kaskon a yatsa ka ƙwanƙwasa shi da mabuɗi. Lafiyayye yana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, wanda ya tsage kuwa ƙararsa a dushe take. Gwajin mayen ƙarfen ba na wasa ba ne, domin sodar da za a yi wanki da ita a mataki na gaba cinye alminiyam take yi.

Mataki na 2: wanke shi ba tare da ka goge shaidar ba

A nan mutane suka fi yin ɓarna, ni ma na yi. Wani kaskon burodi da na saya bayan tandar, don ɗokin ganin rubutu na kai shi aka bi gindinsa da injin gurza ƙarfe. Maiƙon ya tafi, rabin haruffan suka bi shi. Gaggawa aikin Shaiɗan.

Baƙin ɓawon da ke jikin tsohon kasko mai ne da ya ƙone ya daskare, maganinsa sodar sabulu. Zuba ruwa lita 20 a bokitin roba, sa safar hannu da tabarau, sannan ka zuba kusan rabin kilo na soda a cikin ruwan a hankali. Soda ake kai wa ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana tafasa ta fantsamo. Nutsa kaskon, rufe bokitin, ajiye inda yara ba sa kaiwa. Kwana biyu zuwa mako guda sun isa, soda ba ta cin baƙin ƙarfe. Ɗauraye, ka bi da soson ƙarfe.

Tsatsa kuma ruwan khal ne maganinta, rabi khal rabi ruwa, amma kada ya wuce minti talatin a jiƙe kafin ka ciro ka goge, domin shi tsami yana cin ƙarfen kansa. Kada ka jefa kasko cikin garwashi don ya ƙone dattin. Siririn tsohon zubi yana karkacewa ko ya tsage.

Idan ya bushe, shiga ɗaki mai duhu ka haska gindinsa da tocilan daga gefe, kusan a kwance. Rubutun da ba ya ganuwa da rana zai fito da inuwarsa. Idan har yanzu bai karantu ba, goga alli a hankali, ko ka ɗora farar takarda ka bi ta da fensir.

Mataki na 3: karanta zubin kansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunya ya riga ya san rabin wannan ilimi. Ana danna samfuri cikin damshin yashi, a cire shi, a zuba narkakken ƙarfe cikin gurbin da ya bari. Haka Turawa ma suke yi tun da Abraham Darby ya yi rajistar dabarar zuba tukwane a yashi a Ingila a 1707. Dole ƙarfen ya sami ƙofar shiga, kuma idan ya huce aka karye ragowar, ƙofar tana barin tabo. Inda tabon yake shi ne kalandarka ta farko.

Idan ka ga wani dogon layi ya taso a gindin kasko kamar tabon yankan wuƙa, tsawon yatsa ko fiye, ta ƙasa aka zuba shi. Manyan masana'antun Amurka sun bar wannan hanya wajen shekarun 1880 zuwa 1890, suka koma zubawa ta gefen baki suna goge wurin da dutsen wasa. Saboda haka mai layi a gindi galibi ɗan ƙarni na 19 ne. Na ce galibi, domin ƙananan maƙera sun ci gaba da tsohuwar hanyar bayan manya sun bari. Tabo mai da'ira kamar kwabo ya ma girmi layin. Idan gindi sumul yake, shafa gefen baki da yatsa, za ka ji inda aka goge ƙofar.

Sai nauyi da laushi. Tsohon zubi na hannu siriri ne, yashinsa mai laushi, kaskon suya kuma har goge cikinsa ake yi ya yi santsi. Daga shekarun 1960 da injuna suka karɓi aikin, kaya suka yi kauri, fatarsu ta yi kaushi kamar bawon lemo. Kaskon gurabe ba kasafai ake goge cikinsa ba, don haka laushin yashin kawai za ka duba, da yadda bakin kowane gurbi ya fita tsaf.

A kaskon suya akwai wani zobe da ya taso ya kewaye gindi. An yi shi ne don murhun itace ko gawayi na ƙarfe mai ramuka a sama, ya zauna daram a bakin ramin. Mai zobe a can bakin gefe ya fi tsufa, mai zobe da ya ɗan shigo ciki ya biyo baya, mai gindi sumul ya yawaita da zuwan murhun gas da lantarki.

Mataki na 4: sunan, da yadda aka rubuta shi

Sunaye huɗu ko biyar ne za ka fi cin karo da su a kayan Amurka, kuma salon rubutun ya fi sunan kansa faɗin shekara.

Griswold ya faro a 1865 a Erie. Kayansa na farko-farko ba sa ɗauke da sunan kamfanin, sai kalmar ERIE kawai, sunan garin. Daga baya aka shigo da tambarin da aka fi saninsa da shi: alamar tarawa a cikin zobe biyu, da GRISWOLD a tsakiya. Idan haruffan a karkace suke, masu tara kayan suna sa shi daga wajen 1906 zuwa shekarun 1920. Idan a miƙe suke kuma tambarin babba ne ya kusa cika gindi, shekarun 1920 ne zuwa wajen 1940. Ƙaramin tambari kuwa daga wajen 1939 ne zuwa 1957, shekarar da aka rufe masana'antar Erie. Ga inda ake tuntuɓe: sunan bai mutu a 1957 ba, ya koma hannun masu kamfanin Wagner aka ci gaba da zuba shi a Ohio. Abin dubawa shi ne ERIE PA. Tambarin Griswold da babu sunan garin a ƙarƙashinsa, ka zargi na bayan 1957 ne.

Wagner kuma 'yan'uwa biyu ne, Milton da Bernard Wagner, suka kafa shi a 1891 a garin Sidney na jihar Ohio. Harafin O da za ka gani bayan SIDNEY ba sifili ba ne, Ohio ake nufi. Kayansu na farko suna da WAGNER kawai, a miƙe ko a lanƙwashe kamar baka. Daga farkon shekarun 1920 aka koma tambarin da babban W ɗaya ke yi wa kalmomi biyu aiki, Wagner da Ware. Kaskonsu na burodin masara, mai gurabe siffar zangarniyar masara, yana da suna Krusty Korn Kobs da ranar rajista 6 ga Yuli 1920. Akwai kuma tarko: kaskon da aka rubuta wa Wagner's 1891 Original, har da bayanin yadda ake shafa masa mai a gindi. Mai sayarwa zai rantse maka ya haura shekara ɗari. An fara yin sa ne a 1991 don bikin cikar kamfanin shekara ɗari.

Wannan ya kawo mu kan ƙa'idar da ta shafi duk wata shekara da ka gani a jikin ƙarfe. PAT. da kwanan wata ranar rajistar zanen ce, tana gaya maka kaskon bai girmi ranar ba, ba ta gaya maka ranar zubi. Misali mafi kyau shi ne na Nathaniel Waterman na Boston, wanda ya yi rajistar kaskon gurabe ranar 5 ga Afrilu 1859. Gurabensa a haɗe suke da 'yan gadoji, da ɓuli a tsakaninsu don zafi ya ratsa. An shafe shekaru ana zuba su da wannan kwanan wata, wasu da sunan Waterman, wasu da R & E, wato kamfanin Russell & Erwin na jihar Connecticut. Idan ka samu irinsa da layin zubi a gindi, shaidu biyu sun haɗu ke nan.

Sauran sunayen da suka cancanci a riƙe: G. F. Filley na St. Louis, mai kasaken gurabe masu siffofi iri-iri. Favorite na garin Piqua a Ohio, wanda ya rufe a tsakiyar shekarun 1930. Da Wapak na garin Wapakoneta a Ohio, da ya yi aiki daga 1903 zuwa 1926 kawai, don haka sunansa kaɗai ya taƙaita maka shekarun.

MADE IN USA kuma alama ce ta ƙuruciya. Kamfanonin Amurka ba su damu da rubuta shi a jikin ƙarfe ba sai wajen shekarun 1960, lokacin da kayan waje masu araha suka fara cika musu kasuwa.

Mataki na 5: lambobin

Lamba iri biyu ce, kada ka haɗa su. Ta farko, irin 8 ko 10 (wani lokaci har 273), lambar girma ce ko ta samfurin a kundin tallan kamfani. A kaskon suya ba inci take nufi ba, girman ramin murhu ne. Mai lamba 8 faɗinsa ya kai inci goma da rabi. Ta biyu kuwa, mai lambobi uku ko huɗu, lambar samfurin da aka danna a yashi ce, kuma ita ce ta fi kowace shaida amfani, domin kowane kamfani da tsarinsa. Griswold ya fi amfani da uku: 704 kaskon suya lamba 8, 930 kaskon burodin masara lamba 273, 921 da 922 ɓari biyu na mazubin kek mai siffar ɗan rago, 962 tandata. Wagner huɗu yake sawa: 1058 kaskon suya lamba 8, 1319 ƙaramin kaskon masara. Harafi ɗaya da ke bin lambar, A ko B ko C, yana nuna wanne ne daga cikin samfuran da ake aiki da su a lokaci guda, don a gane mai lahani idan kaya suka fara fita da aibi.

Rubuta lambar da ka gani a manhajar bincike ta intanet tare da kalmomin da ke jikin kaskon, ka nemi hoton shafin tsohon kundin talla. Ƙirga gurabe, duba inda kan kowace zangarniya ya fuskanta, duba siffar mariƙi da ramin ratayewa. Lamba ta dace amma siffa ta saɓa, ka ja baya.

Mataki na 6: idan babu suna

Rashin suna ba ya nufin rashin asali. Manyan kamfanoni sun yi ta zuba kaya don kantuna, da takardar suna da ake mannawa, wadda wankin farko ke tafiya da ita. Griswold ya yi wa kantin Sears kaya da sunan Puritan, Wagner ya yi wa Montgomery Ward da sunan Wardway. Wasu kuma ba a sa musu komai ba sai lamba.

Biyu ne suka fi yawa a marasa suna. Lodge, na garin South Pittsburg a jihar Tennessee, wanda Joseph Lodge ya kafa a 1896 da sunan Blacklock, gobara ta cinye shi a 1910 aka sake gina shi da sunan iyalin, kuma har yau yana aiki. Kife kaskon suyarsa, mariƙi yana kallonka kamar ƙarfe shida a fuskar agogo: idan zoben gindi ya yanke a wuri uku, ƙarfe tara da sha biyu da uku, Lodge ne na tsakanin shekarun 1940 da 1980. Yanka ɗaya a sha biyu ya girmi mai uku. Haruffa SK bayan lamba nasu ne su ma. Tambarin da ƙwai ke cikin kasko a madadin harafin O sai 1973 ya zo.

Na biyu Birmingham Stove & Range na jihar Alabama. Shi zobensa ba ya yankewa, kuma a ƙarƙashin mariƙi akwai wani doro da ya miƙe har ya taɓa jikin kasko. Na baya-bayansu suna rubuta lamba da faɗi tare, kamar NO. 8 da 10 5/8 IN. Su ne suka fito da kaskon burodin masara da aka raba gida takwas kamar yankan kankana, a ƙarshen shekarun 1960.

Wani lokaci a ƙarƙashin tocilan za ka ga inuwar wasu haruffa da aka yi ƙoƙarin shafewa. Ko dai kamfani ya gyara tsohon samfurinsa, ko wani ya ɗauki kaskon wani ya cike sunan ya yi samfuri da shi. An san kayan Wapak da fitowa da inuwar ERIE a jikinsu. Sunan da ya fito sarai shi ne maƙerin, inuwar tana gaya maka inda ya samo zanen.

Mataki na 7: idan ba na Amurka ba ne

Tun dokar haraji ta 1890 Amurka ta tilasta a rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata da su. Don haka TAIWAN ko KOREA ko JAPAN a gindin kasko sun gama magana. Yawancinsu na shekarun 1960 zuwa 1980 ne, masu nauyi da kaushi, mariƙin wasu na katako.

Na Birtaniya sukan faɗi abin da suke ci da awon fayint ko galan. Sunayen da za ka nema su ne Kenrick na West Bromwich, da aka kafa a 1791, da Carron na kusa da Falkirk a Sikotland, tun 1759, da Cannon na yankin Bilston, wanda ya yi fice wajen tura tukwane masu ƙafa uku zuwa Afirka. Idan akwai tsohuwar baƙar tukunya mai ƙafa a ɗakin kakarku, juya ta ka duba kafin 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Alamar rajista mai siffar lu'ulu'u da Rd a tsakiya ta 1842 zuwa 1883 ce. Daga 1884 aka koma Rd No da lamba.

Na sauran ƙasashen Turai da santimita suke awo. Mai rufin tangaram irin na langa da fanteka, da lamba 22 ko 26 a gindi, faɗinsa ke nan, kuma ka nemi Le Creuset na Faransa, da aka kafa a 1925, ko Cousances da ya saye a 1957. Kasko mai faffaɗan gurabe marasa zurfi, bakwai a jere da'ira, na ƙananan wainar Suwidin ne. Mai zurfi kamar rabin ƙwallo na Denmak ne, ko wanda aka yi wa 'yan ci-ranin Denmak a Amurka.

Mataki na 8: jabu

Kama da wane ba ta wane. Mai yin jabu yana yin abin da masu zubin tukunya ke yi ne: ya danna kasko na gaske a yashi ya zuba sabo. Amma ƙarfe yana tsukewa idan ya huce, kimanin kashi 1 cikin 100, wato milimita 3 a kowace santimita 30. Samfurin kamfani an yi shi da ɗan ƙari saboda haka, na mai jabu kuwa babu ƙarin. Ɗauko tef ɗin tela ka auna, ka gwada da awon kundin talla. Jabu ya fi gajarta, sau da yawa ya fi nauyi, haruffansa sun yi luntsuma kamar an rubuta da yatsa a kan laka, jikinsa da ƙuraje. Babbar tona asiri ita ce saɓanin zamani: tambarin shekarun 1930 tare da layin zubi na ƙarni na 19 a gindi ɗaya. Ƙananan kaya masu tsada aka fi yi wa haka, irin ƙaramin kaskon masara na Griswold lamba 262 da mazuban kek masu siffa.

Kafin ya hau wuta

A Amurka an yi ta narka dalma a cikin tsofaffin kasaken gurabe don yin harsashi da nauyin fatsa, saboda gurbin yana ba da curi daidai hannu. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Idan ka ga fari-farin ƙarfe mai laushi ya manne a gurbi, ƙusa tana iya karce shi, kaskon ya zama na ratayewa a bango. Wanda kake shakka a kansa, nemi tsinken gwajin dalma ka goga bayan wanki, kafin ka shafa mai.

Idan ya tsallake, shafa masa man gyaɗa siriri, goge har ya zama kamar ba a shafa ba, gasa shi awa ɗaya a zafi mai ƙarfi, ka maimaita sau uku. Ɗauki hoton gindi kafin shafa man, ka rubuta lamba da awo da nauyi a takarda, domin bayan shekara guda ana girki haruffan za su sake nutsewa.

Tandata mai 962 yanzu a kicin take. Uwargida ta ce gurabenta sun fi na tandar ƙasa zurfi da ƙanƙanta, cokali ba ya shiga gefen, sai da tsinken tsire ake juya masar, kuma a rage wuta, in ba haka ba baya ya ƙone ciki da ɗanyen ƙullu.